Kofin da Na Keɓe wa Baba

Bayan an yi sadakar arba'in ta Inna, uwar maigidana, sai dangi suka ce Baba ba zai zauna shi kaɗai a tsohon gida ba. Alhaji, wato maigidan nawa, ya sa aka share ɗakin da ke kusa da ƙofa, aka shafa masa fenti, muka ɗauko tsoho muka kawo shi gidanmu a nan Zongon Sokode. A lokacin na yi shekara goma sha shida ina auren ɗansa, amma in aka tara maganar da ta taɓa shiga tsakanina da shi, ba za ta wuce gaisuwa ba. In durƙusa daga nesa in ce, "Baba, an tashi lafiya?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, 'yata. Allah Ya yi albarka." Iyakarta ke nan. Surukuta ce, haka muka tarar.

Abin da na sani game da shi kaɗan ne. Tsohon makanike ne, asalinsa Dapaong, wadda shi har ya rasu Dapango yake ce mata. Ba ya son surutu. Yatsunsa biyu na hannun dama a lanƙwashe suke, ba sa miƙewa, na ɗauka inji ne ya taɓa kama su. A tsohon gidansu kuwa a ƙofar gida yake cin abinci, kan tabarma, da duk wanda Allah Ya kawo: maƙwabci, mai gyaran takalmi, 'yan zemijan, masu baburan haya, da ke jiran fasinja a gindin mangwaro. Kwano ɗaya, kowa ya sa hannu. Ruwa kuma da moɗar da ke bakin randa yake sha, wadda kowa ke sha da ita. Allah Ya gafarta mini, a zuciyata na sha ganin laifin Inna. Nakan ce, mutum babba kamar wannan a ce ba shi da kwanon kansa?

Don ni a gidan da na tashi, kwanon mahaifina daban yake, kofinsa daban, har cokalinsa. Suna da wurinsu a saman kabad. Yaron da ya kuskura ya taɓa, ranar zai san uwata. Wannan shi ne girmamawa a wurina, ban san wani ba.

Saboda haka tun kafin Baba ya iso na shiga babbar kasuwa. Na zaɓo langa sabuwa mai murfi, fara mai furanni shuɗaye, da faranti, da kofin gilashi mai kauri, bakinsa da zoben ruwan zinari. Sai da na zaga rumfa huɗu kafin na sami wanda ya kwanta mini. Na dawo ina jin daɗi kamar na yi aikin Hajji.

Ranar farko na daka fufu na sabuwar doya, na yi miyar gyaɗa da kaza. Na jera komai a tire, na cika kofin da ruwan sanyi, na kai ƙofar ɗakinsa na durƙusa. Yana zaune kan buzu yana jan carbi. 'Yata ta biyu, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba a lokacin, ta biyo ni, kofin ya ba ta sha'awa, ta miƙa hannu. Na buge hannun, na ɗaga murya yadda duk yaran gidan za su ji:

"Kada in ga wanda ya taɓa kofin nan! Na Baba ne shi kaɗai. Ku naku yana can bakin randa."

Na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Ya dubi kofin, ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba, ido cikin ido. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "To. Allah Ya yi albarka." Na koma madafa ina murna.

Da la'asar na je ɗauko kwanuka. Fufun yana nan yadda na mulmula shi, har ya yi ɓawo. Ruwan ko kurɓa ba a yi ba.

Na ce baƙunta ce, ko kewar Inna. Washegari na dama koko na soya ƙosai. Suka dawo. Na yi shinkafa da wake da mai da yaji. Suka dawo. Na aika aka nemo mini wagashi, wato cukun nono, mai kyau daga wurin Fulani, na soya na sa a miya, don na taɓa jin Inna ta ce yana so. Ya dawo. Na tuna mutumin arewa ne, na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka. Shi ma ya dawo, da murfinsa a rufe. Kullum in na je ɗauka sai ya ce, "Allah Ya yi albarka, 'yata," kamar wanda ya ci ya ƙoshi.

Ba ni da bakin tambaya. Ta ina zan fara? Matar ɗa ta tsaya gaban surukinta ta ce me ya sa ba ka ci abincina ba? Na gaya wa Alhaji, wanda a kwanakin nan yana tsakanin kasuwannin shanu, yau yana gida gobe ba ya nan. Ya ce, "Ƙyale shi. Baba yana da halinsa." Na lura dai fuskarsa ta canja.

Na fara sa ido. Da hantsi Baba yakan dogara sanda ya fita bakin titi, ya sayi guntun burodi ya ci a tsaye. Ruwa fa? A rana ta shida na gani. Ina shanya a bayan ɗaki, bai san ina wurin ba, ya ɗauki butar alwala da ke jikin bango, wadda kowa ke shiga da ita bayi, ya kafa bakinsa ya sha. Ya sha sosai, maƙogwaronsa na motsi, kamar wanda ya fito daga daji.

Zanin da ke hannuna ya faɗi ƙasa. Na tsaya kamar an dasa ni. Ga ruwan sanyi a kofi mai zoben zinari a ƙofar ɗakinsa, ga shi yana shan ruwan buta. Abu ɗaya kawai ya zo mini: tsohon nan yana zaton zan sa masa wani abu a abinci. Na shige ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na yi ta bin rayuwata ina neman ranar da na saɓa masa, ban samu ba. A sujada na riƙa cewa, ya Allah, in na yi wa bawanKa laifi, Ka nuna mini shi.

Ranar Juma'a ta biyu ya faɗi a hanyar dawowa daga masallaci. Mutane suka ɗauko shi a hannu. A asibiti likita ya duba ya sake dubawa, ya ce ba shi da wata cuta, yunwa ce da ƙishirwa. Da Faransanci ya faɗa wa ma'aikaciyar da ke tare da shi, bai san na yi lakwal, wato boko, har na gama kwaleji ba. Ita kuma ta tambaya, "Wa ke kula da shi a gida?" Aka nuna ni. Kallon da matar nan ta yi mini, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Kafin mu dawo gida magana ta riga mu isa Zongo: an kawo mata suruki, ko wata ɗaya bai yi ba ta kusa kashe shi da yunwa.

Da aka cire masa ƙarin ruwa, maganarsa ta farko ga ɗansa ita ce, "Ka mai da ni Dapango, wurin ƙanwata."

Alhaji ya ba shi haƙuri, ya ƙi. Muka ɗauki mota da sassafe mu uku. Ni kuma, don kada a ce na bar shi ya tafi ba kayansa, na naɗe langar da farantin da kofin a cikin zani na sa a jaka.

Hanya ce mai nisa. Muka wuce Bafilo, muka wuce Kara, rana ta yi sama, itatuwa suka fara raguwa. Baba yana gaba kusa da direba. Da muka doshi gadar kogin Oti, gab da Mango, na ga ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Direba ya tsaya a cikin gari don a yi azahar, kowa ya sauka, shi ya ce a nan cikin mota zai yi tasa. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi jam'i ba.

Bayan salla na sami Alhaji a gindin wata bishiya na ce, "Alhaji, don girman Allah ka gaya mini. Me ke tsakanin Baba da garin nan?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, da murya ƙasa ƙasa, "A nan ya yi kaso."

"Kaso? Baba?"

"Tun zamanin Nasara, kafin a haife ni. Damina uku."

"Me ya yi?"

Ya ce, "Sata aka ce. Ban taɓa tambayarsa ba. Tun ina yaro, in muka zo Dapaong hutu, yara kan ce mini ɗan ɓarawo. Lokacin neman aurenki kawunaina suka ce kada wanda ya ɗaga maganar, mahaifinki ba zai bayar ba."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, na sake. Shekara goma sha shida ina kwana ina tashi da mutum, yana ɗauke da wannan a cikinsa. Na juya na hango tsohon a cikin mota, rawani a fuska, yana salla a zaune. Na kasa haɗa shi da kalmar. Daga Mango har Dapaong ban san me muka wuce ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ƙuli-ƙuli take yi. Tun daga bakin lungu ƙamshin gyaɗa ke tarbar mutum. Gajeriya ce, baki ba haƙori sai kaifi. Tana ganin yayanta ta saki muciya.

"Yaya! Kai ne ka koma kamar karan dawa? A Sokode an daina dafa abinci ne?"

Ta ɗauki ƙwarya ta kamfato ruwa a randa. Kafin ta miƙa masa sai ta kai bakinta ta kurɓa, sannan ta ba shi. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye tas. Ta ƙara, ta kurɓa, ta ba shi, ya shanye. Ina tsaye ina kallo, bakina a buɗe.

Da aka shigar da shi ɗaki ya kwanta, ta ja ni bayan rumfar suya, Alhaji na biye da mu. Ta ce, "Ke 'yar nan, ban san ki da mugun hali ba. Faɗa mini yadda kike ba shi abinci."

Na fara lissafa mata, da ɗan ƙarfin gwiwa, don na san ban gaza ba: fufu, koko, wagashi, tuwon dawa. Na kwance zanin na nuna mata langar. Na fito da kofin na ce, "Gwaggo, ko yarana ban bari sun taɓa shi ba. A gabansa na gargaɗe su."

Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka. Ta zauna daɓas kan turmi.

"A gabansa? Kika ce kada a taɓa? Kofin gilashi kuma? Wayyo Allah, wayyo yayana!"

Na ce, "Me na yi, Gwaggo? Don Allah me na yi?"

Ta leƙa ta katanga ta aika a kira mata wani. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da tsohon gwangwanin shayi, ta buɗe, ta zaro takarda a naɗe cikin ƙyalle. Ta yi ja don tsufa, wurin ninkin ya kusa rabuwa.

"An ce kin yi lakwal. Uwarmu ta ajiye wannan, ta bar mini. Kunya ta hana mu kai wa kowa ya karanta, kada a ƙara jin abin da ke ciki. Karanta."

Ina buɗewa wanda aka kira ya shigo. Wani tsoho ne Bamobe, ƙabilar yankin, dogo, ya ranƙwafa, da hular saƙa da sanda, warin cukutu, giyarsu ta dawa, na tashi daga jikinsa. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne.

"Matata ya kira ni! Yau za a ɗaura aure ke nan?"

"Rufe mana baki, mashayin banza," in ji Gwaggo. "Abokinka ya zo."

"Tun zamanin Nasara wannan tsohuwa yana ƙi na," ya ce da ni. Sai maganar ta isa kunnensa, ya tsaya. "Wane aboki? Sakatare? Sakatare ya zo?"

Alhaji ya ce, "Wane ne sakatare?"

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗansa ne, ba ka san ubanka sakatare ne ba?"

Na karanta takardar a tsaye. Hukuncin kotun Nasara ne, an buga da keken rubutu. Laifi biyu aka rubuta. Na farko layi ɗaya ne tak: satar kofin gilashi guda ɗaya, mallakar ma'aikatar hanya. Na biyu ya cinye sauran shafin: shi ne sakataren ƙungiyar ƙwadago ta direbobi da leburori, ya shiga wurin da aka keɓe wa Turawa, ya zuga ma'aikata sun ajiye aiki, ya ƙi bin umarnin shugabansa. Na fassara musu kalma bayan kalma. Da na gama, Alhaji ya ce, "Kofi? Kofi ɗaya?"

Tsohon Bamoben ya nemi wuri ya zauna, ya ba mu labarin. Shi ɗan kamasho ne a kamiyo, babbar motar kaya, lokacin, Baba kuma makanike a garejin ma'aikatar hanya, ya ɗan taɓa lakwal, shi ke rubuta musu takardun koke. A garejin ruwa biyu ne. A baranda, cikin inuwa, akwai tulun tace ruwa na Turawa da kofunan gilashi a jere. A tsakar fili, cikin rana, akwai rabin gangar da aka taɓa zuba man inji, da gwangwani ɗaure da igiya. Wannan shi ne na baƙar fata. Layin karɓar albashi daban, wurin zama daban, ko matakalar barandar ba a takawa. Da bazara ruwan gangar kan yi zafi, mai na yawo a samansa. Cikin mutane ya riƙa ɓaci, wani lebura ya mutu. Baba ya rubuta takarda sau uku, ba amsa.

"Ranar nan," in ji tsohon, "rana ya yi tsaka. Sakatare ya ajiye sifana. Ya wanke hannu da sabulu, sosai, kamar zai yi salla naku. Ya taka matakala, ɗaya, biyu, uku. Mu duka mun daina numfashi. Ya ɗauki kofi, ya buɗe tulu, ya cika, ya ce bismilla, ya sha. Shef, shugaba namu Nasara, ya fito yana ihu: kada wanda ya taɓa kofin nan! Naku yana can!"

Na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Maganata ce. Kusan kalma da kalma.

"Sakatare bai dube shi ba. Ya sake cikawa, ya miƙo mini. Ni, Bamobe, mai shan cukutu! Na sha. Ya ba Kotokoli, ya ba Cokosi, ya ba Bahaushe, ya ba Bafulatani mai gadi. Kofi ɗaya. Shef ya ce a ba shi kofi ya fasa, don baƙi sun sa baki. Sakatare ya ce kofi bai gama zagaye ba. Har jandarma suka zo yana hannunsa. Sun ce saki, ya ƙi. Da gindin bindiga suka buɗe hannun."

Ya ɗaga nasa hannun ya lanƙwashe yatsu biyu. Ba sai ya ƙara bayani ba.

"Mun ajiye aiki kwana da kwanaki. Daga baya suka kawo tulu na biyu, suka sa a inuwa. Amma Sakatare yana Mango yana fasa dutse."

Alhaji ya ce, "To me ya sa aka ce sata?"

Gwaggo ce ta amsa. "Ranar kasuwa tafinta ya tsaya da mai ganga, ya yi shela ɗan wane ya saci kayan Nasara. Iyakar abin da aka ce ya faɗa ke nan. Wa ya iya karatu a gidanmu? Abokan aikinsa kuma aka warwatsa su, wasu Lome, wasu suka tsallaka iyaka."

"Ni na zo na gaya wa ubanku," in ji tsohon. "Ya ce ba ya karɓar shaidar mashayi."

"Haka ya ce," in ji Gwaggo. Ta share ido da bakin zani. "Ni kaina kunne ɗaya na ba maganarka, tun da ga takardar Nasara da hatimi. Ranar da Yaya ya dawo daga kaso, ni na kai abinci zaure, ina yarinya. Maza sun kewaye kwano, ya wanke hannu zai sa. Ubanmu ya riƙe kwanon ya ce, hannun ɓarawo ba ya shiga akushina. Ya sa aka zuba masa nasa daban, aka ba shi moɗarsa daban, aka gargaɗe mu kada mu taɓa. Kwana uku abincin na komawa yadda aka kai shi. Rana ta huɗu ya bar garin. Bai ce wa kowa ba sata ya yi ba. Na taɓa tambayarsa, ya ce, wanda aka yi wa shela a kasuwa ba ya bin gida gida yana wanke kansa, Allah Ya gani."

Ta juyo gare ni. "Matarsa ta sani, shi ya sa ba ta taɓa raba masa kwano ba. Ke kuma rana ɗaya da shigarsa gidanki kika raba. Me kike so ya zata? Ya ɗauka labari ya iso miki, kina ƙyamar hannunsa ya haɗu da na 'ya'yanki."

Ban iya kuka ba ma. Na dubi Alhaji. Ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa cikin ɓawon gyaɗa da babbar rigarsa, mutumin da ke sayen shanu garke guda, yana ta maimaita, "Shekara hamsin ina jin kunyar ubana. Shekara hamsin." Ni kuma ina tuna Inna, wadda na yi ta zargi da sakaci a zuciyata.

Na so in shiga in faɗi gabansa in ba shi haƙuri. Amma da wane baki? In ce Baba, na ji an ce maka ɓarawo, kuma yanzu na ji ba haka ba ne? Ba maganar da matar ɗa za ta iya furtawa ba ce, shi ma ba zai so ji daga bakina ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Tsohon Bamoben ya zauna kusa da shi, suka riƙe hannun juna.

"Sakatare, ka tsufa ƙwarai."

"Kai kuma har yanzu ba ka tuba ba, ina jin warin tun daga ɗaki," in ji Baba. Wannan ne karo na farko da na ji ya yi wasa da wani.

Na tashi na ɗauko kofin. Na wanke shi, na cika a randar Gwaggo, na zo na durƙusa a gabansu. Baba na ganin kofin fuskarsa ta rufe, ya kau da kai.

Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa sa ko goro a baki a gabansa ba. A wurinmu wannan rashin kunya ne babba. Na ce bismilla, na ɗaga kofin, na sha. Ruwan na zuba a hijabina. Na miƙa wa Gwaggo ta sha. Na sake cikawa.

Sai tsohon Bamoben ya miƙo hannu. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ɗan ja baya, na tuna abin da bakin nan ya sha da rana. Na tuna kuma wanda ya fara miƙa masa kofi. Na ba shi da hannu biyu. Ya sha, ya yi gyatsa, ya ce, "Wannan ya fi na shef daɗi." Alhaji ya karɓa ya sha, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, bai iya duban mahaifinsa ba.

Na cika na ƙarshe na miƙa wa Baba, kaina a ƙasa. Na daɗe a haka, har hannuna ya fara sagewa. Sannan na ji an karɓa. Da na saci kallo, yatsun nan biyu ne suka naɗe gilashin, daidai da shi, kamar a kansa aka lanƙwasa su. Ya shanye.

Ya ce, "'Yata."

"Na'am, Baba."

"Ashe ba ki sani ba."

"Wallahi ban sani ba, Baba."

Can ya ce, "Miyar gyaɗar nan ta ranar farko, ƙamshinta ya wahalar da ni."

Gwaggo ta fashe da dariya tana kuka. Ta tuƙa tuwo, aka zuba a babban kwano ɗaya, maza uku suka kewaye shi. Ina daga rumfa ina ƙirga lomarsa, har Gwaggo ta ce in daina kallon bakin surukina, rashin kunyar yau ta isa haka.

Kwana biyar muka yi, Baba ya ce a koma Sokode. A hanya, da muka iso Mango, bai sauka ba, amma bai rufe fuska ba. Takardar kuwa Alhaji ya roƙi Gwaggo ta ba shi. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya kira ni in karanta masa, har Baba ya ce in ba a daina ba zai sa ta a murhu.

Langar mai furanni na mai da ita ta zuba gishiri. Abincin Baba kuma a babban tire nake kaiwa ƙofar gida, shi da jikokinsa da 'yan zemijan na lungunmu, waɗanda ba su daɗe ba suka gane lokacin. Damina biyu ya ƙara a duniya, a hannuna ya cika, kuma ba da yunwa ba, alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Inna.

Kofin kuwa, tun dawowarmu na ajiye shi a kan murfin randa. Bai yi wata biyu ba 'yar nan tawa da na buge wa hannu ta sake shi a siminti, bakinsa ya ɓare, rabin zoben zinarin ya tafi. Ta tsaya tana jiran duka. Baba na zaune yana kallo, ya ce da ita, "Goge bakin a dutse kada ya yanki wani, ki ɗebo mini."